'Yar Tsana Mai Ɗinkin Buhu

Laraba, 4 ga Satumba, 2024

Yau ma da 'yata Ummi na tafi sito. Na shimfiɗa mata buhun algarara a gindin bango, na ba ta ƙosai a takarda, na koma kan aikina. Tun kafin in yi aure nake ɗinke bakin buhu a siton Alhaji Ɗanasabe, ban taɓa soke kaina da basilla ba sai bana. To ina dalili, ido ɗaya kan buhu, ɗaya kan yarinya. Haka nake tun da matata Sakinatu ta rasu farkon damina, ita da abin da ke cikinta. Allah Ya jiƙanta.

'Yan dako suna ce mini Aƙilu uwar goyo. Ina yin dariya tare da su, don in ban yi ba sai su ƙara.

Ummi ba ta cika shekara uku ba. Sunan mahaifiyata gare ta, ita ma ta daɗe a ƙasa. Idan muka dawo ɗaki ba mai cewa sannu da zuwa. Ni ne mai wanki, ni ne mai dama koko, ni ne mai rarrashi. Ba ƙorafi nake ba. Rubutawa kawai nake, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Asabar, 7 ga Satumba

Mannir, wan Sakinatu, ya zo daga Dayi a kan babur. Bai ko yarda ya sha ruwa ba sai da ya sauke saƙo. Wai surukata Inna Maijidda ta ce da an shiga kaka za su zo a raba kayan 'yarta, kuma daga nan za ta tafi da jikarta. Wai namiji ba ya riƙon 'ya mace, balle wanda yake wuni a cikin ƙaiƙayi da manyan motoci.

Na ce masa na ji. Me zan ce? Na riga na tambayi Malam Talha limaminmu, ya ce a shari'a in uwa ta faɗi, kaka ta wajen uwa ita ce a gaba. Ya ce sai dai in ita ta bar mini don kanta.

To sai in sa ta bar mini. Zuwa kaka in nuna musu yarinya tana cikin ƙoshi da tsabta, akwai mai kula da ita in ina aiki. Wallahi in aka ɗauke Ummi daga ɗakin nan ban san abin da zan riƙa dawowa yi ba.

Talata, 10 ga Satumba

Yau Allah ne Ya tsare. Na juya in jawo buhu, ina waigowa na ga basillata a hannun Ummi, ta nufi baki da ita. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba. Ta yi ta kuka har da shessheƙa, ni kuma na kasa zura zare.

Da yamma na biya shagon Maman Habeeb, telar bakin layinmu. Kudirat sunanta, Bayarabiya ce amma a nan Funtua aka haife ta, in tana zazzaga Hausa sai ka rantse 'yar Bakori ce. Na ba ta labari. Ta ce to me na ba yarinyar ta riƙe? Na ce ƙosai. Ta dube ni kamar ta mare ni. Ta ce hannun yaro ba ya zama banza, in ba ka ba shi nasa ba zai ɗauki naka. Ta duƙa ƙarƙashin keke ta ciko mini leda da ƙyallaye, guntayen atamfa da shadda da yadi, ta ce in je in ɗinka mata wani abu, ai ni ma maɗinki ne.

Maɗinkin buhu dai.

Na dunƙule tsummoki na rufe da jan ƙyalle na bi shi da basilla. Ƙwallo na nufa. Abin da ya fito ya fi kama da kabewar da mota ta taka. Ummi ta karɓa ta rungume, ta ce nata ne.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na gwada yi mata kitso. Ta yi kuka, na yi gumi, na ɗaura mata ɗankwali.

Alhamis, 19 ga Satumba

Abin ya fara shiga raina. Bayan sallar asuba, kafin ta tashi, sai in zauna bakin ƙofa inda haske yake in yi ta yanke-yanke. Na yi kifi da shuɗin yadi, na cusa masa auduga. Na yi kaza, amma Ummi ta ce akuya ce, to akuya ce. Na haɗa ƙyallaye launi-launi na ɗinke gefe ɗaya kamar littafi, tana buɗewa ina ce mata ja, kore, fari, tana maimaitawa. Duk abin da ba ta sani ba ja ne.

Na sa wa kifin ido da maɓalli, ina ta jin daɗi na kai wa Maman Habeeb ta gani. Nan take ta sa almakashi ta cire duka biyun. Ta ce so nake in kwana asibiti? Duk abin da zai shige bakin yaro kar in kuskura in ɗinka shi a kayan wasa. Ta nuna mini yadda ake ido da baƙin zare. Kifin ya koma kamar mai gyangyaɗi.

Na kuma yi ɗan ƙaramin buhu, daidai tafin hannunta, na zuba waken suya a ciki don ya riƙa ƙara in ta girgiza. Wannan kam ɗinkinsa ba makusa, aikina ne. Kwana ɗaya ya yi, ɓera ya huda shi ya kwashe rabonsa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Kayan wasa suna zaunar da ita, amma ba su hana motoci shiga sito ba. Abin da nake buƙata mai raino ce, ko in sa ta irin makarantar nan ta ƙananan yara da safe. Duka biyun kuɗi ne, abin da nake samu kuwa iyakarsa baki da haya.

Maman Habeeb ta ce akwai wata ƙungiya a bayan tasha da ke ba iyayen da ke riƙon yara su kaɗai tallafi, har da abinci da ɗan jari. Ta ce in je. Na ce ai wannan na mata ne. Ta ce yunwar ɗan mace daban take da ta ɗan namiji?

Da na dawo na wanke farar rigata.

Litinin, 30 ga Satumba

Na je. Da ma ban je ba.

Rumfa cike da mata, masu goyo da masu jan yara, ni kaɗai ne mai hula. Ina shiga aka yi tsit, wasu suka ja mayafi. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko matata na zo nema. Na ce a'a, ni ne mai neman. Sai aka fara ƙus-ƙus. Na rasa inda zan zauna, na tsaya jikin ginshiƙi da Ummi a kafaɗa har ƙafata ta yi tsami.

Hajiyar da ke shugabanta ba ta wulaƙanta ni ba, gaskiya. Ta saurare ni har na gama, ta yi wa Sakinatu addu'a. Sannan ta ce masu ba su kuɗin don zawarawa da marayu suka bayar, kuma a wajensu yaron da ubansa ke raye da ƙarfinsa ba ya cikin lissafi. Ta ce ba su taɓa samun irina ba. Ta rage murya ta ce shawarar da za ta ba ni ita ce in yi aure, ko in kai yarinyar wajen dangin uwarta, haka kowa yake yi.

Aure. Takalman Sakinatu har yanzu suna bayan ƙofa.

Da za mu fita ta ba Ummi biskit. Wata mai goyo ta biyo ni ta ce in gyara wa yarinya ɗankwali, kitsonta ya tsufa. Na yi godiya. A hanya na ji kamar in zauna a bakin kwalbati in yi kuka, sai na tuna ni namiji ne, kuma ga mutane.

Laraba, 2 ga Oktoba

Yau ban yi magana da babba ba in ban da gaisuwa. Na lura har muryata ta fara komawa irin ta Ummi.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kwanan nan barci yana yi mata wuya, sai ta yi ta juyi tana kiran Mama. Yau da hantsi ina wanki na ji shiru. Shirun yaro ba alheri ba ne. Na leƙa, ashe ta ture murfin akwatin uwarta, ta cusa kai cikin zannuwa tana shaƙa. Na zo in ɗauke ta, ta ƙanƙame su. Ni ma da na sunkuya ƙanshin ya buge ni, turaren wutan nan nata da ɗan ƙaurin hayaƙi. Sai da na zauna a ƙasa.

Na san kayan gado ba a taɓa su kafin a raba. Na sani sarai. Ban taɓa buɗe akwatin ba tun ranar da ta rasu. Amma na ce a raina in na yi mata 'yar tsana da zanen uwarta, za ta riƙa kwana da ƙanshin. Sai na yi dabara, wai ni mai hankali. Na tsallake atamfofi masu tsada da leshin aurenta, don kar in rage wa kowa rabo. Can ƙasa na sami wani tsohon saƙi, baƙi da ratsin fari, ya koɗe, gefensa duk ya zare, har da faci a tsakiya. Da shi take goya Ummi tana jaririya. Na ce wannan ko kyauta aka ba mai gwanjo ba zai karɓa ba. In an zo rabo sai in ce a cire a nawa kason.

Na sa almakashi na raba shi biyu. Da rabi na yi jiki da hannuwa da ƙafafu, na cusa auduga, na yi ido da zare yadda aka koya mini. Ɗinkin buhu ne dai, manya-manya, amma ko da kura za a yi ja ba zai ɓalle ba. Sauran rabin na ninke na mayar.

Ta karɓa, ta kai hanci, ta yi shiru. Kafin azahar ta yi barci a kan tabarma da abin a ƙirjinta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bebi sunanta. Da Bebi ake cin abinci, da Bebi ake zuwa sito, Bebi ma sai an yi mata alwala. Mako guda ke nan ba ta farka da kuka ba. Na ji daɗi ƙwarai, na daɗe ban yi wani abu ya yi daidai ba.

'Yan dako sun ce in buɗe shago. Ɗaya ma ya ce in yi wa 'yarsa, wai da gaske yake.

Talata, 15 ga Oktoba

Sabuwar masara ta fara shigowa, aiki ya yi yawa har ba na jin yatsuna. Yau Alhaji ya sa aka ware buhunan zakkarsa gefe guda, ni na ɗinke bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗinki ina jin yana lissafa wa yaransa gidajen da za a kai: gidan wance da mijinta ya rasu, gidan wane makaho. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na dubi hannuwana, lafiyayyu, na haɗiye.

Namiji da ƙarfinsa ya ce a ba shi zakka? Gobe a ce Aƙilu ya fara bara.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Sun zo. Inna da Mannir, Malam Talha kuma ya zo don rabon.

Tun jiya nake shiri. Na share ɗaki har ƙarƙashin gado, Maman Habeeb ta yi wa Ummi kitso, na jera kayan wasanta a kan taga don Inna ta gani. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta amsa a hankali. Ta rame ƙwarai. Ni duk watannin nan ban taɓa tsayawa na tuna ita ma 'ya ta binne ba.

Mu maza muna waje a kan tabarma, ita tana ciki tana fito da kaya. Can sai na ji ta kira Mannir, shi kuma ya kira ni. Na same ta zaune da rabin saƙin nan a cinya, tana shafa inda almakashi ya bi.

Ta ce, "Baban Ummi, ina sauransa?"

Kafin in buɗe baki sai ga Ummi ta shigo tana jan Bebi da ƙafa ɗaya.

Inna ta miƙa hannu ta karɓa. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa. Na fara bayani cewa na san ba a taɓa kayan gado, shi ya sa na zaɓi wanda ya fi tsufa, kuma a cire a kasona.

"Wane kaso?" in ji ta. "Duk akwatin nan shi kaɗai ne ba nata ba. Da shi uwata ta goya ni. Da shi na goyi Mannir, na goyi Sakinatu. Aro na ba ta da ta haihu, yadda aka ba ni. Jira nake wannan ta girma a ba ta."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Facin nan da na raina, ashe da hannun uwar Inna aka yi shi. Shekara huɗu muna tare da Sakinatu, ina ganin zanen a bayanta kullum, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Wane namiji ne yake tambayar zanen goyo? Rashin sani ya fi dare duhu.

Mannir ya hau faɗa. Ya ce ai ga irinta nan, mutumin da bai san zanen goyo ba shi ne zai riƙe 'ya mace? A haɗa kayanta yau ɗin nan. Ummi kuma ta fara kuka tana miƙa hannu a ba ta Bebinta.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa mata. Ta tambaye ni ko da ita take barci. Na ce e. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce wa Mannir ya yi shiru.

"Ban zo ƙwace ba," in ji ta. "Uba ne. Ranar da ya ga ya dace, ya san hanyar Dayi."

Aka yi rabo, ban ma san me aka ba ni ba. Ta ninke rabin saƙin ta sa a jakarta. Ko kallon kayan da na jera a taga ba ta yi ba, ko ta kalla ban gani ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

An bar mini ita. Abin da nake roƙo ke nan. To me ya sa na kasa cin abinci?

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan abin da ya faru ranar Lahadi na ga ba sauran kunyar da zan adana. Da aka sauko daga masallaci na tari Alhaji a bakin motarsa na gaya masa halin da nake ciki, kaina a sunkuye. Ya yi salati. Ya ce shi duk zatonsa dangin matar suna turo mini wani abu, kuma me ya hana ni magana tuntuni, yana kallona kullum da yarinya? Nan take ya sa aka kai mini buhun masara har ɗaki, ya ce kuma kuɗin makarantar safe yana wuyansa daga sabon zango.

Buhun da ni na ɗinke bakinsa. Na gane ɗinkina.

Maman Habeeb ta ce kafin a buɗe zangon in riƙa barin Ummi a shagonta wasu ranakun. Ga abinci, ga makaranta, ga mai dubawa. Duk abin da na ce ina nema ya samu. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ban so in rubuta wannan ba.

Da la'asar ina tankaɗen gari a tsakar gida, Ummi tana wasa a bakin ƙofa. Na ga ta ɗauko buhun da babu komai ta shimfiɗa a gindin bango. Ta zaunar da Bebi a kai, ta jingina ta, ta ajiye mata ɗan dutse a gaba, wai ƙosai. Sannan ta ɗaga ɗan yatsa, ta haɗe gira, ta yi kauri da murya.

"Zauna nan. Kar ki tashi. Ina aiki."

Ta juya mata baya, ta ɗauki tsinke tana soka wa tabarma. Can ta waiga ta ce, "Na ce ki yi shiru." Ta koma kan tsinkenta. Ta daɗe a haka. Ba ta goya ta ba, ba ta yi mata waƙa ba, ba ta ko taɓa ta ba. Bebi na zaune ita kaɗai tana kallon bango.

Na tuna yaran maƙwabta in suna wasan 'yar tsana, yadda suke goyo da jijjiga da wasan girki da surutu. Ita abin da ta sani ke nan. A wajena ta koya, ba a wajen kowa ba. Ni da nake cewa saboda ita nake yi.

Rariyar na hannuna har aka kira magariba. Ina jin kaina ina cewa ai makaranta za ta gyara. Makaranta zuwa azahar ce. Daga nan sai ni da bango.

Gaskiyar ita ce ni nake tsoron ɗakin nan, ba ita ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na kai ta.

Na ɗaure kayanta a ɗankwalin uwarta, kifi da akuya da littafin ƙyalle duk na zuba. Rabin masarar ma na ɗora a mota. Daga Malumfashi muka hau babur zuwa Dayi, tana gabana, Bebi na gabanta. Ko'ina an yanke dawa an jingina, tana ta nuna mini tana cewa ja.

Na gaya wa Inna na kawo ta ne ta kwana biyu, kafin aikin kaka ya lafa. Sai da na faɗa sau biyu. Ta ce to, Allah Ya kai mu.

'Ya'yan Mannir suka yanyame ta, ta ɓuya a bayan ƙafata. Da ta ga 'yan awaki sai ta sake ni. Matar Mannir ta yi mini alama da ido in sulale. Na sulale kamar ɓarawo. Har na kai bakin titi ina kasa kunne ko zan ji kukanta. Motoci sun hana ni ji.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na dama koko kofi biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Aiki kamar ba gobe, ido biyu duk a kan buhu yanzu, ban sake soke kaina ba. 'Yan dako sun daina kirana uwar goyo. Ban zaci zan yi kewar sunan ba.

Ina dawowa in zauna. Ɗakin ya yi girma. Wani lokaci sai in ji kamar motsinta a bayan gado. Maman Habeeb ta sake ba ni ƙyallaye, na ce na me? Ta ce in karɓa dai. Na yi raƙumi, wuyansa ya ƙi tsayawa sai da na cusa masa kara, sai na tuna kara zai iya tsone mata ido, na cire. Yanzu raƙumi ne mai ladabi.

Na yanke shawara. Ƙarshen wata in je in ɗauko ta. Kwana biyu na ce, kuma kwana biyu sun yi. Alhaji ma ya tambaye ni maganar makaranta. 'Yata ce, ba wanda zai ce don me. Na shirya yadda zan faɗa wa Inna, har na maimaita a bakina.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na je Dayi da sassafe, na yi Juma'a a can.

Da ƙyar na gane ta. An yi mata kitso ƙanana, ga lalle a tafin hannu, kumatu sun fito. Da ta gan ni ta sheƙo da gudu ta faɗa jikina, sannan ta tuna, ta ja da baya ta durƙusa ta ce, "Baba ina kwana." Matan gidan suka kwashe da dariya. Bakinta ya buɗe, surutu kamar an kunna rediyo, sunayen awaki duk ta sani. Bebi na bayanta, an ɗaure ta tsaf da sauran rabin saƙin, an yi masa kalmasa da ƙananan ɗinki irin na mata. Tana tafe tana jijjiga ta tana 'yar waƙa. Ban san waƙar ba.

Na ba ta raƙumi, ta ce jaki ne.

Muna tsakar gida ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi. Na zabura na buɗe hannuwa. Ta tashi da kuka, ta wuce ta gefena, ta faɗa cinyar Inna. Na tsaya a haka, hannuwa a buɗe, sai da na yi kamar hula nake gyarawa. Inna ta kau da kai don kar in ji kunya.

Na jira in ji haushi. Ya zo, amma bai kai yadda na zata ba.

Aka kawo mini tuwo a zaure. Tun da na auri Sakinatu ban taɓa cin abin kirki a gidan nan ba, sai dai in taɓa in ture. Yau ina hira da Mannir kan farashin taki, na duba na ga kwano ya koma kamar an wanke. Ya ce a ƙaro, na ce a'a, aka ƙaro.

Da zan tafi Ummi ta rako ni bakin zaure, ta ce in kawo mata saniya. Na ce to. Na yi wa Inna sallama, ta ce in gaida gida, na ce sai Juma'a mai zuwa in Allah Ya yarda.

Sai da mota ta wuce Malumfashi na ga ban yi maganar ɗauko ta ba. Mantawa na yi, ina jin.